Tarihin Kulle Imel a Asibitoci da Bankuna: Tambayoyi da Amsoshi

Likita zai aika sakamakon gwajin jini, banki zai aika bayanin asusu, lauya zai aika takardar gado. Dukkansu amanar wani ce a hannunsu, kuma yawanci ta imel take bi. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi yadda aka yi shekaru kusan 50 ana neman hanyar rufe wannan amana, da dalilin da ya sa hanyar da ta yi nasara a wuraren aiki ba ita ce masana suka fara zana wa duniya ba.

Me ake nufi da kulle imel?

Shi ne a rikita rubutun saƙo ta hanyar lissafi, ya zama duk wanda ya tare shi a hanya ba abin da zai gani sai tarkacen haruffa, sai wanda ke riƙe da makulli ne kawai zai iya mayar da shi yadda yake. Wanda ya taɓa jin 'yan mata suna zaurance a gaban manya ya riga ya san tushen abin: magana ce a fili, amma an juya ta. Bambancin kawai shi ne zaurance ana gano shi da ɗan sauraro. Tun a ƙarni na 9, a Bagadaza, Al-Kindi ya nuna cewa rubutun da aka sirranta ta hanyar musanya haruffa ana iya tona shi idan aka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Tun daga lokacin masu kullewa da masu fasawa suke tsere.

Me ya sa ba a gina imel a kulle tun farko ba?

Domin waɗanda suka gina shi sun san juna. A 1971 ne Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'ura. Masu amfani da hanyar a lokacin 'yan jami'a ne da masu bincike. Da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP a 1982, wadda har yau ita ke ɗaukar imel, babu kullewa a cikinta, babu ma hanyar tabbatar da cewa wanda ya ce shi ya aiko, shi ɗin ne.

Kwatanta shi da ba da saƙo a tashar mota. Ka miƙa wa direba takarda ba ambulan, ya kai wata tasha ya miƙa wa wani, shi ma ya miƙa gaba. Kowane hannu da ta bi zai iya karantawa, zai iya kwafa. Tun ran gini ran zane. Duk abin da ya biyo baya faci ne a kan ginin da aka riga aka gama.

Ta yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi makulli ɗaya?

Wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Idan makullin da ya rufe shi ne zai buɗe, dole ka fara aika wa mutum makullin, kuma ta wace amintacciyar hanya? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da mafita, a 1977 kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka samar da tsarin RSA, wanda ya ɗauki haruffan farko na sunayensu.

Ga yadda yake. Ka ɗauka kana da dubban kwaɗuna iri ɗaya, ka raba su a buɗe ga duk mai so, amma ɗan makullin guda ɗaya ne kuma yana aljihunka. Mai son aiko maka sirri sai ya sa shi a akwati, ya danna kwaɗonka ya rufe. Daga nan ko shi kansa ba zai iya buɗewa ba. Kwaɗon shi ne makullin fili, wanda ke aljihu shi ne makullin sirri. Idan aka juya lissafin kuma, sai ya zama hatimi: ka buga da makullin sirrinka, kowa ya tabbatar da na fili cewa kai ne.

Wani abin tausayi a nan: Clifford Cocks na hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ya gano kusan irin wannan lissafi tun 1973, amma aikin gwamnati ya rufe masa baki. Sai a 1997 aka bayyana.

Wa ya fara kawo wannan dabara cikin imel?

Yunƙurin farko na hukuma shi ne wani tsarin kulle imel mai suna PEM, wanda aka fara rubuta ƙa'idojinsa a 1987 aka kammala a 1993. Bai yi rai ba. Ya buƙaci a sami hukuma guda a can sama wadda kowa a duniya zai amince ta riƙa shaida makullai, kuma ba a taɓa yarda da wa zai hau wannan kujera ba.

Wanda ya girgiza duniya mutum ɗaya ne, Phil Zimmermann, ɗan fafutukar yaƙi da makaman nukiliya a Amurka. A 1991 aka gabatar da wani ƙuduri a majalisar dattawa mai ɗauke da sakin layi da ke neman kamfanonin sadarwa su ba gwamnati hanyar ganin saƙonni a buɗe. Zimmermann ya yi sauri ya saki manhajarsa, PGP, kyauta. Maimakon hukuma guda, sai ya ce mutane su riƙa shaidar juna: na san Audu, na ga makullinsa da idona, na sa masa hannu, kai da ka yarda da ni sai ka yarda da makullin Audu. Kamar dai yadda ake karɓar baƙon ɗan kasuwa a ba shi kaya bashi saboda wani amintacce ya tsaya masa.

Da gaske ne an taɓa lissafa manhajar kullewa cikin makamai?

Ƙwarai kuwa. Dokar Amurka ta lokacin ta sa kullewa mai ƙarfi a jerin kayan yaƙi da ba a fitarwa waje sai da izini, kuma abin da aka bari a fitar cikin sauƙi bai wuce makulli mai tsawon bit 40 ba, wanda mai kayan aiki zai iya fasawa. Da PGP ta bazu zuwa ƙasashen waje ta intanet, sai aka buɗe wa Zimmermann binciken laifi a 1993. Shekara uku ana yi. A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga dukkan rubutun manhajar a matsayin littafi, domin littafi yana da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki, ana iya fita da shi. A farkon 1996 aka rufe binciken ba tare da an tuhume shi ba.

A wannan tsakanin gwamnatin Clinton ta kawo wata na'ura mai suna Clipper a 1993, wadda za ta kulle magana amma gwamnati ta ajiye kwafin makulli. A 1994 Matt Blaze ya nuna gurguntarta, ta mutu a hankali. Sai a shekarar 2000 aka sassauta dokar fitarwa sosai. Wannan ya shafi bankuna kai tsaye, domin bankin da ke da rassa a ƙasashe goma ba ya iya aiki da makulli mai ƙarfi a gida da mai rauni a waje.

Mene ne bambancin PGP da S/MIME?

Aikinsu ɗaya, amanarsu ce ta bambanta. S/MIME ya fito daga kamfanin RSA a 1995, sigarsa ta 3 ta zama ƙa'idar intanet a 1999. Shi yana dogara ne da takardar shaida da wata hukuma ko kamfani ke bayarwa, kuma an gina shi cikin manhajoji irin su Outlook, don haka ma'aikatu da sojoji da manyan kamfanoni suka fi karkata gare shi. PGP kuwa ta zama buɗaɗɗiyar ƙa'ida mai suna OpenPGP a 1998, Werner Koch na Jamus ya rubuta GnuPG kyauta, 'yan jarida da masu fafutuka da masu rubuta manhaja suka rungume ta. Ba sa jin yaren juna. Kuma a yadda aka saba amfani da su, dukkansu suna barin sunan mai aikawa, da na mai karɓa, da lokaci, da taken saƙo a fili. Wanda ya rubuta sunan cuta a take ya riga ya fallasa mara lafiya ko da cikin saƙon a kulle yake.

Tunda dabarar ta samu tun 1991, me ya hana mutane amfani da ita?

Wahala. A 1999 Alma Whitten da J. D. Tygar suka zaunar da mutum 12 masu ilimi, waɗanda suka saba da imel, suka ba su PGP 5.0 da minti 90 su kulle saƙo su sa masa hannu. Huɗu kawai suka yi daidai. Uku suka aika sirrin a buɗe. Wannan gwaji a ganina ya fi kowane lissafi bayyana tarihin nan.

Ka tuna wa ake so ya yi aikin. Ma'aikaciyar jinya ce da ta kwana a tsaye, ga layin marasa lafiya, an ce ta nemo makullin fili na wani likita a wani asibiti, ta tabbatar nasa ne, ta adana nata makullin kada ya ɓata, domin in ya ɓata duk tsofaffin saƙonninta sun tafi. Ba za ta yi ba, kuma ba laifinta ba ne. Wanda ke ɗaya ɓangaren ma sai ya riga ya shirya nasa kafin a iya aika masa komai. Manomin da banki zai aika wa takarda ba shi da makulli, ba shi da niyyar yin sa.

To yaushe doka ta shigo?

A ɓangaren lafiya, daga dokar HIPAA ta Amurka da Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agusta 1996. Ƙa'idar tsaronta ta fito a 2003, aka fara aiki da ita a Afrilun 2005. Mutane da yawa suna cewa HIPAA ta wajabta kulle imel. Ba haka aka rubuta ba. An sa kullewa cikin abubuwan da asibiti zai auna: in ya dace da halinsa ya yi, in bai yi ba ya rubuta dalili ya kawo wata kariya makamanciya. Asibitoci da dama sun ɗauki wannan a matsayin rangwame suka kwanta.

A ɓangaren kuɗi akwai dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999, wadda ta ɗora wa cibiyoyin kuɗi nauyin kare bayanan abokan hulɗa. Ita ma da farko ba ta ambaci hanya ba. Sai a gyaran da FTC, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, ta yi a 2021, wanda ya fara aiki a Yunin 2023, aka faɗa ƙarara cewa a kulle bayanan a hanya da kuma a ma'ajiya. Kamfanonin katin biyan kuɗi su ma sun fito da ƙa'idar PCI DSS a Disambar 2004, wadda ta hana aika lambar kati a buɗe ta imel ko ta saƙon waya.

Idan dokokin farko ba su tilasta ba, me ya sa kamfanoni suka fara saye?

Tsoron kunya da tsoron asara. Jihar Kalifoniya ta yi wata doka, SB 1386, da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2003: duk kamfanin da bayanan mutane suka ɓalle daga hannunsa dole ya sanar da su ɗaya bayan ɗaya, sai fa idan bayanan a kulle suke. Wannan togaciya ita ce ta juya kasuwa. Kullewa ta tashi daga kayan ado ta zama abin da ke hana sunanka fitowa a jarida.

Abubuwa suka riƙa faruwa da suka ƙara wa wutar mai. A Mayun 2006 aka sace kwamfutar hannu daga gidan wani ma'aikacin ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka, da bayanan mutum miliyan 26.5 ba a kulle ba. A 2007 hukumar harajin Birtaniya ta ɓatar da faya-fayai biyu a hanyar aika su, masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25. Jihar Nebada a 2008 da Masacuset a 2010 suka wajabta kulle bayanan mutane idan za su fita waje. Dokar HITECH ta 2009 ta kawo wa asibitoci irin tsarin Kalifoniya: in bayanan da ba a kulle ba suka fita, a sanar da masu su cikin kwana 60, in kuma sun kai mutum 500 a sanar da ma'aikatar lafiya, ita kuma ta saka sunan asibitin a jerin da kowa ke iya dubawa. Abin da wa'azin masana na shekara 15 ya kasa yi, wannan jeri ya yi shi.

Me ya sa bankuna ba su ɗauki kullewa daga mai aikawa har mai karɓa ba, tunda ita ta fi ƙarfi?

Nan ne zuciyar maganar. Banki yana tsakanin umarni biyu, gaba kura baya sayaki. Doka ɗaya ta ce ɓoye bayanan abokin hulɗa daga baƙi. Wata ta ce ajiye duk abin da ma'aikatanka suka rubuta, ka iya fito da shi ranar da mai bincike ko alƙali ya nema. Ƙa'idar 17a-4 ta SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ta wajabta wa dillalan hannun jari adana saƙonnin kasuwanci na shekara uku, biyun farko a wurin da za a iya ɗauko su nan take. Bayan rushewar manyan kamfanonin Enron da WorldCom saboda maguɗin lissafin kuɗi, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta tsananta hukuncin lalata takardu.

Idan kowane ma'aikaci shi kaɗai ke da makullinsa, yaya kamfani zai duba ko yana yaudarar masu zuba jari? Yaya za a tace ƙwayar cutar kwamfuta a cikin akwatin da ba a iya buɗewa? In ya bar aiki ko ya rasu, wa zai buɗe saƙonnin shekara biyar? Saboda haka wuraren da doka ta sa wa ido suka zaɓi kullewar da makullinta ke hannun ita ma'aikatar kanta, ba hannun mutum ɗaya ba.

Kuma hukumomi da gaske suke. A Disambar 2021 aka ci JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa sun riƙa maganar aiki ta WhatsApp da wayoyinsu na kansu inda ba a adanawa. A Satumbar 2022 wasu manyan kamfanonin kuɗi suka biya kimanin dala biliyan 1.8 kan laifi iri ɗaya. WhatsApp a kulle yake sarai. Laifin shi ne ba a iya nuna wa hukuma abin da aka faɗa.

Wace hanya aka bi a ƙarshe?

An cire nauyin daga kan ma'aikaci aka ɗora wa na'ura. Daga farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su Zix da Tumbleweed, da kamfanin PGP kansa, suka riƙa sayar da mai gadin ƙofa: manhaja da ke zaune a mafitar imel ɗin ma'aikata, tana duba kowane saƙo, in ta ga lambar kati ko lambar mara lafiya sai ta kulle da kanta. Wanda aka aika wa kuwa ba ya samun saƙon, sai sanarwa cewa yana da saƙo, ya shiga wani shafi da kalmar sirri ya karanta. Ba shi da daɗi, kuma ya koya wa mutane danna mahaɗin da ya zo ta imel, abin da 'yan damfara ke so ke nan. Amma yana aiki da kowa, ko da bai taɓa jin sunan makulli ba.

Wata dabarar ita ce adireshin imel ɗin mutum ya zama shi ne kwaɗonsa. Shamir ya kawo tunanin a 1984, Dan Boneh da Matt Franklin suka samar da lissafin da ke aiki a 2001, kamfanin Voltage ya mayar da shi haja.

Wasu ƙasashe kuma suka gina unguwa mai katanga. A Amurka an fara tsarin Direct a 2010, inda asibitoci ke musayar takardu da S/MIME amma kamfanin da ke tsakani ne ke riƙe makullai. Ingila ta kafa NHSmail na ma'aikatan lafiya. Jamus ta gwada De-Mail da dokar 2011, jama'a ba su karɓa ba, har Deutsche Telekom ya janye a 2022.

Amma ai an ce Gmail da Outlook a kulle suke?

A kulle suke a hanya. Ƙarin da ake kira STARTTLS, wanda aka rubuta a 1999 aka sabunta a 2002, yana sa tashar imel ɗaya ta kulle hanyar da ke tsakaninta da ta gaba. Motar a rufe take, amma a kowace tasha ana sauke takardar a buɗe, kuma kamfanin da ke ajiye akwatinka yana iya gani. Ƙari ga haka, a tsarinsa na asali, in tashar gaba ta ce ba ta iya kullewa sai a aika haka nan, kuma mai tare hanya zai iya goge tayin kullewar. Da babu gara ba daɗi, amma ga asibiti bai isa ba. Shi ya sa ake ƙulla yarjejeniyar dole tsakanin ma'aikatu biyu, aka kuma fito da DANE na imel a 2015 da MTA-STS a 2018 don a ce in babu kullewa kada saƙon ya tafi.

A 2014, da Google ya fara wallafa alƙaluma, kusan rabin saƙonnin da ke tsakanin Gmail da sauran kamfanoni a buɗe suke tafiya. Yanzu masu tafiya a kulle sun haura kashi 90 cikin ɗari. Tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke tattara saƙonnin jama'a ne ya zaburar da wannan.

Idan wani kamfani ne ke riƙe makullin, ba zai iya miƙa shi ba?

Zai iya, kuma an gani. A 2007 kamfanin imel na Hushmail da ke Kanada ya miƙa saƙonnin wasu masu amfani da shi a buɗe bisa umarnin kotu. A 2013 aka umarci Ladar Levison, mai kamfanin imel na Lavabit, inda Snowden ke da akwati, ya ba da makullin da ke kare dukkan masu amfani da shafin, sama da mutum 400,000. Ya miƙa bayan an fara cin sa tarar dala 5,000 a kullum, sannan ya rufe kamfanin a watan Agusta. ProtonMail, wanda wasu masu bincike da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka kafa a Jeniba a 2014, an gina shi ne don kada kamfanin ya iya buɗe abin da ke ajiye. Ga asibiti ko banki tambayar farko kafin sa hannu a kwangila ita ce: makullin yana hannun wa, a wace ƙasa, ƙarƙashin wace kotu?

Turai fa?

Dokar GDPR, ta kare bayanai a Tarayyar Turai, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Sashe na 32 ya ambaci kullewa cikin matakan da suka dace, na 33 ya ba da awa 72 a sanar da hukuma, na 34 ya sauke nauyin sanar da mutane idan bayanan da suka fita ba sa karantuwa. Darasin Kalifoniya ne ya ƙetare teku. Danmak ta ƙara gaba, daga Janairun 2019 ta buƙaci kamfanoni masu zaman kansu su kulle imel mai ɗauke da bayanai masu nauyi.

An taɓa fasa waɗannan makullai?

Tsofaffin, e. Tsarin kullewa na DES na 1977 mai bit 56 an fasa shi cikin awa 56 a 1998 da na'urar da ƙungiyar EFF ta gina. AES, aikin Joan Daemen da Vincent Rijmen 'yan Beljiyam, ya gaje shi a 2001 kuma yana nan daram. Galibi ba lissafin ke karyewa ba, abin da ke kewaye da shi ne. A Mayun 2018 masu bincike daga Jamus da Beljiyam suka bayyana EFAIL: in maƙiyi ya samu saƙon da aka kulle, zai iya yi masa ƙari ya sake aika wa mai shi, manhajar imel ɗin ta buɗe shi ta kuma tura abin da ke ciki waje ba da sanin mai ita ba. Ya shafi PGP da S/MIME duka.

Shin kullewa ta isa ta kare mara lafiya?

Ba ta isa ba. A Satumbar 2015 wani asibitin kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV a titin Dean da ke Landan ya aika wasiƙar labarai ga mutum kusan 780, aka zuba adireshinsu duka a inda kowa ke ganin na kowa. Wasu sun ga sunayen mutanen da suka sani. Hukumar kare bayanai ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016. Da an kulle saƙon da makulli mafi ƙarfi a duniya, da haka zai isa ga mutum 780 ɗin.

Na taɓa raka wata 'yar uwata wani ɗakin gwaji. Aka ce za a turo sakamako ta imel. Da yamma ya iso, takarda a kulle da kalmar sirri, na ji daɗi. Ina sauke ido ƙasa sai ga kalmar sirrin a layi na biyu na saƙon nan. An rufe ƙofa an bar makulli a jikinta. Da na koma na yi wa matashin da ke kan tebur magana, ya saurare ni da ladabi, ya ce haka aka nuna masa ranar da ya fara aiki. Na yarda da shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kalmar sirri ta wata hanyar take bi, ta kiran waya ko saƙon tes, ko a rubuta wa mutum a takarda tun yana wurin.

Wannan tarihi ya shafi Najeriya da Nijar da Gana?

Ya shafe su, domin dokokinsu sun ɗauki wannan salo. A Najeriya hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar NDPR a Janairun 2019, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ambaci kullewa cikin matakan tsaro, ta sa bayanan lafiya cikin masu nauyi, ta ba da awa 72 a kai rahoton ɓallewar bayanai. Ga manyan masu riƙe bayanai tara na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta rufe sirrin mara lafiya. Gana ta yi tata dokar tun 2012, Nijar kuma a 2017, inda aka kafa hukumar kare bayanai ta HAPDP.

Abin da ke damuna shi ne a wurarenmu yawancin sirrin ba ta imel ɗin ma'aikata yake bi ba. Hoton takardar gwaji ne a wayar ma'aikaci, cikin hotunan biki da na yara, wayar da ƙaninsa zai ara da dare. Matsalar da aka ci tarar bankuna a Amurka a kanta ke nan, sai dai mu ba a fara ƙirga ta ba.

Ina aka dosa yanzu?

Wurare biyu. Na farko, ƙofar rangwame tana rufewa: a ƙarshen 2024 ma'aikatar lafiyar Amurka ta gabatar da shawarar gyara ƙa'idar HIPAA yadda kullewa za ta zama wajibi. Manyan kamfanonin imel kuma sun fara ba ma'aikatu damar riƙe makullinsu da kansu, yadda kamfanin ba ya gani amma ma'aikatar tana iya buɗewa in an nema.

Na biyu shi ne kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin na'ura da ke lissafi ta hanyar da ta bambanta da ta kwamfutocin yau. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa irin wannan na'ura, in ta yi girman da ake buƙata, za ta warware lissafin da RSA ya dogara a kai. Ba a gina ta ba tukuna. Amma mai haƙuri zai iya tara saƙonnin da aka kulle yau ya ajiye su har ranar, kuma bayanin cutar gado ko takardar mallakar gida ba sa tsufa cikin shekara 20. A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku, FIPS 203 da 204 da 205, da aka tsara don su jure wannan na'ura. Aikin da ke gaban asibitoci da bankuna yanzu shi ne su bi ma'ajiyarsu su gano wane saƙo aka kulle da wane makulli, kafin su fara sauya su ɗaya bayan ɗaya.